Baba Birki da Kujerar Bayan Motarsa

Kullum kafin a buɗe ƙofar asibitin unguwarmu, Baba Birki ya riga ya iso. Zai duba ruwa da mai, ya bi tayoyi yana taɓa su da ƙafa kamar mai tashin yara su tafi makaranta, sannan ya kakkaɓe kujerar baya ya shimfiɗa mata tsohon bargonsa. Shi ne direban motar da ke mayar da majinyata gida idan an sallame su. Ma'aikata ne suka laƙaba masa Birki, don tun daga nesa yake taka birki in ya hango rami. In an yi masa tsiya sai ya ce, "Ku buhu kuke ɗauka, ni ɗinkin likita nake ɗauka. In ya warware, ku za ku sake?"

Wannan makon zai ajiye makulli, ni kuwa bakina ya ƙi yin shiru!

Akwai tambayar da ta daɗe tana cin raina. Tsakanin ƙofar asibiti da ƙofar gida, majinyaci na wane ne? Asibiti ya ce ya yi nasa, ya sallama. Ofishin jin daɗin jama'a, mai kula da tsofaffi da marasa galihu, ya ce ba wanda ya sanar da shi. Kowa da gaskiyarsa, amma a tsakanin gaskiya biyun nan mutum yake faɗawa.

Kawuna ya kusa faɗawa. Tela ne, mai ciwon suga, ga gyambo a ƙafar dama, wadda yake taka keken ɗinki da ita. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa sun yi nisa, ni ma a lokacin aiki ya kai ni wani gari. Ɗakinsa a saman bene yake, famfo kuwa a ƙasa. A wanke ciwo a sallame shi, ya koma hawa da sauka da bokiti, bandeji ya jiƙe, a sake kwaso shi. Har likita ya faɗa masa ba ɓoye-ɓoye: in ya dawo haka kuma, sai dai a yanke.

Ranar da aka sake sallamarsa, Baba Birki ya kai shi ƙofar gida, ya ce ya jira a mota, ya hau masa da kaya. Ya ga matakala mai tsayi, ya ga tukunya a kife. Ya sauko da kayan yadda ya hau da su, ya tayar da mota.

"Kai direba ne ko alƙali?" in ji Kawu. "Gidana ne fa!"

"Gidanka ne, Malam Tela. Amma ƙafar nan ni aka ba amana, ba zan ajiye ta a nan ba."

Da suka koma asibiti, Sista, babbar malamar jinya, ta hau shi da faɗa, kuma da gaskiyarta, don an riga an kwantar da wata mata a gadon Kawu. "Baba, ina zan sa shi? A kaina?"

"A'a 'yata. Idonki kawai zan ara. Zo ki ga ɗakin."

A hanya ya ratse ofishin jin daɗin jama'a, waɗanda motarsu ta daɗe a kan duwatsu, ya ɗauko jami'insu da ake kira Malam Walwala. Shi da Sista ba sa ga maciji. Ita tana ganin ofishinsu barci yake, shi yana ganin asibiti zubar da mutane yake kamar shara. Kawu na gaba ya miƙe ƙafa, don haka dole su biyu suka zauna a baya, kan bargon nan. Baba Birki kuwa ya kama tafiyar hawainiya.

"Baba, taka mana!"

"Sista, rami."

"Ina ramin?"

"Yana nan tafe."

Kawu ya ce faɗa suka fara, kowa na kare gidansu. Da faɗan ya ƙare hanya ba ta ƙare ba, sai suka koma tambayar juna. Ashe gidaje ɗaya suke zuwa a ranaku dabam-dabam, kowa na riƙe da rabin labari!

Sista na ganin matakalar ta dafe kai, ta gane abin da ke ɓata mata aiki. Malam Walwala ya san mai gidan da Kawu ke haya, ya lallashe shi ya kwashe tarkacen da ke ɗakin ƙasa kusa da famfo. Ya san wata ƙungiyar mata da ke dafa wa tsofaffi abinci. Sista ta gaya musu abin da mai suga zai ci da wanda zai bari, ta ce wankin ciwo har gida za a riƙa zuwa. Kafin rana ta yi sanyi an sauko da keken ɗinki, Baba Birki na rungume da kan keken yana haki, Kawu na ihu, "A hankali, ba tayar mota ba ce!"

Daga ranar kujerar baya ba ta sake zama fayau ba. Mai gadin asibiti ya ce da idonsa ya ga Sista na tsaye tana jiran Malam Walwala da kofin shayi. Matan ƙungiya sun ba ni labarin mai jegon da mijinta ya yi tafiya, wadda aka kai ta gida ta tarar an share ɗaki an ɗora tukunya. Da shugabannin ɓangarorin biyu suka ga gadaje sun daina cika da tsofaffin fuskoki, sai suka mayar da abin ƙa'ida: ba a sallamar wanda ba shi da mai kula sai an je an ga ɗakinsa tare.

Kai ne, Baba, ka haɗa su ba tare da ka kira taro ba. Kai ne gadar da ba a yi bikin buɗewa ba, ana ta bi ta kanka. Mai tafiyar hawainiya, ka riga masu gudu isa!

Har yau ina juya abin a raina. Ka saɓa umarni, ka saɓa son ran tsoho, kuma da ba a sami ɗakin ƙasa ba, da kai za a kira mai laifi. Na tambaye ka me za ka yi da hakan ta faru, ka ce, "Sai in yi ta zagaye da shi har mai ya ƙare." Ban ce wannan amsa ce ta masu hikima ba, amma ban sami wadda ta fi ta ba.

Mun gode, Baba. Allah Ya sa ka huta da lafiya, Ya ba ka mai kula da kai yadda ka kula da iyayen wasu. Ku kuma da kuke aiki ƙofa da ƙofa ba ku san juna ba, kada ku jira sai direba ya haɗa ku. Ku leƙa ofishin maƙwabci, ku hau mota ɗaya, ku je ku ga ɗakin.

Jiya na biya wajen Kawu, tun daga bakin titi nake jin ƙarar keke. Rigar da Baba Birki zai sa ranar ajiye aiki yake ɗinkawa, ya hana kowa taɓawa. Na tsaya a ƙofa ban ko yi sallama ba, ina kallon ƙafar dama tana hawa tana sauka.