Fostar Wanda Ya Sare Ni

Da sojoji suka koma bariki, mu masu aikin kwamfuta kakarmu ta yanke saƙa, don duk wanda ya ɗinka babbar riga sai ya zo a buga masa fosta. A shagon wata Hajiya nake aiki kusa da Ƙofar Kwaya, mace mai kirki amma ba ta son asara. Ba mu da jam'iyya. Kowa ya kawo fuskarsa sai mu wanke ta mu buga.

Wannan ne laifinmu. Ana daf da zaɓe, wata rana bayan la'asar, ƙauraye, 'yan daban siyasa, suka faɗo shagon, wai mun buga fostar abokin gabar maigidansu. Suka farfasa gilasai, suka yi ƙwallo da kujeru. Wani dogo mai tabo a gira ya ɗaga adda ya nufi kaina, na tare da hannuwana biyu. Sau biyu ya sara. Na ji ƙarar ƙarfe a ƙashi kafin in ji zafin, jini ya wanke takardun da ke kan tebur. Dariya yake yi lokacin da ya fita.

Na warke, amma jijiyoyin sun tafi. Yatsuna suka lanƙwashe kamar ƙafar kaza a miya. Rubutu nakan ƙwanƙwasa shi da gaɓar yatsa, maus kuma, linzamin kwamfuta, ina iya tura shi da tushen tafin hannu, danna shi ne ya gagare ni. Na zagi maus ɗin nan har kakansa, na taɓa maka shi da bango.

Wani ɗan ƙanen babana da ke aiki a sakatariya ya sa mini wata 'yar manhaja. Ba sai na danna ba: in na kai kibiyar da ke kan allo inda nake so na tsayar da ita cak, sai ta danna da kanta. Amma ba ta san hutu ba. Ka tsaya amsa sallama, ta danna abin da ke ƙarƙashinta. Haka na goge wa wani malami aikinsa kaf, na lalata katin bikin wasu. Hajiya ta ce, "Ina tausayinka, amma in ka ƙara ɓata ma wani aiki, sai dai ka yi haƙuri ka zauna gida." Ina da mata da goyo, kuma babu mai ɗaukar irina a wani shagon. Na koyi ajiye kibiyar a kusurwar da babu komai kafin in ɗaga kai.

Da wani zaɓen ya zagayo, sai ga dogon nan ya shigo, ya yi ƙiba, ya sha shadda da hula. Ya kawo hoton ɗan takara, da nasa da za a liƙa a ƙasa a matsayin wanda ya ɗauki nauyi. Ya zauna kusa da ni har ina jin turarensa.

"Malam, ka goge mani tabon ga na gira, ka ɗan haska ni," in ji shi.

Wallahi da ina iya dunƙule hannu da na zubar masa da haƙora. Na duba almakashin da ke kan tebur, na duba wuyansa, na tuna ko riƙe almakashin ba zan iya ba. Hannuna ya kama rawa, kibiyar tana ta tsalle a kan fuskarsa. Ita kuwa ba ta dannawa sai an natsu. Hajiya tana tsaye a bayana.

"Hajiya, wanga kuturun naki zai iya kuwa?" ya ce, yana dariyar nan da na sani.

Na cije leɓe har na ji gishirin jini, na danne hannun dama da na hagu. Kibiyar ta tsaya, ta danna. A haka na goge tabon, na haska shi, ya fito fes kamar ango. Na kai kibiyar bakin wurin bugawa, sai na ji ba zan iya ba. Na ɗaga hannuwana biyu na kai su gaban idonsa.

"Ka gane su? Kai ka sare ni, a nan, kan kujerar ga."

Ya ƙura musu ido. Bai tsorata ba, bai kuma musa ba. Da gaske yake ƙoƙarin tunawa.

"A wane zaɓen?" ya ce.

Na manta ban mayar da kibiyar kusurwarta ba. Ta tsaya inda na bar ta, ta danna, firinta ta fara zubo fuskarsa yana murmushi, ɗaya bayan ɗaya. Hajiya ta tattara ta miƙa masa, ya ce aiki ya yi kyau. Washegari na dawo kan kujerata.