Kisirar Inna

A shekarar da Inna ta daina cin tuwo na fara girki a tsakar gidanmu, ni namiji da furfurata, kuma har gobe ban ga wanda zan ba haƙuri a kan haka ba.

Gidanmu gidan malamai ne a cikin birnin Zariya, dab da ganuwa. Tun rasuwar mahaifinmu yayana ne mai zaure, shi ke ba da karatu safe da la'asar. Inna kuwa tsufa ya ci ƙarfinta har ta daina gane mu. Mun kai ta asibiti a Wusasa, likita ya ce ba wata cuta, a dai samo abin da za ta ci. A kawo tuwo ta kau da kai, a dama kunu ta kurɓa ta ture. Kullum ramewa take, kuma kalma ɗaya take maimaitawa: kisira.

Matan gida sun ɗauka sambatu ne, ni kuwa na san abin da take nema. Tana ƙarama iyayenta suka tafi da ita hajji ta ƙasa, suka shafe shekaru a Sudan kafin su ƙarasa. Ni ma a Sudan ɗin na yi karatun Larabci, kuma kwaɗayi ya sa na fi zama a rumfar wata tsohuwa mai kisira fiye da ɗakin karatu. Ƙullun dawa ne ake bari ya kwana ya yi tsami. A zuba ludayi guda a kan faffaɗan ƙarfe mai zafi, a baza shi da guntun kaba a ja ɗaya, a ɗago shi shara-shara kamar mayafi. Tsohuwar ta sha make min hannu kafin na iya.

Da na yi musu bayani, matar yayana ta ce, "Ashe sinasir ne ake ta ba shi dogon suna." Ta yi sinasirinta mai kyau, Inna ta shinshina ta mayar da murfi. Matata ta gwada yadda na nuna mata, ya fito da kauri, ya yayyage. Sai na tafi wurin maƙera na sa aka yanko min ƙarfe, na jiƙa dawa, na kai niƙa da kaina. Washegari na naɗe hannun riga na tsuguna gaban murhu. Inna ta cinye abin da na kai mata da miyar busasshiyar kuɓewa, har tana lashe yatsu. Na koma bayan ɗaki na share hawaye, na ce wa matata hayaƙi ne.

Labari bai kwana ba ya zaga unguwa. In na zo wucewa ta majalisar ƙofar masallaci sai wani ya ce, "Uwargida, yau me aka sauke mana?" Wani ya ce a haɗa a saya min zane. Na ce su haɗa da ɗankwali, hayaƙi na ɓata min hula. Ina dariya, amma abin na cin raina, don cikinsu har da waɗanda na koya wa baƙi da wasali.

Yayana ya kira ni zaure. "Kai yanzu ba ka jin abin da ake faɗa a gari? Gidan nan ba a taɓa ganin namiji a bakin murhu ba. Ka koya wa mata mana."

Na ce, "Yaya, suna koyo. Amma Inna ba ta da kwanakin da za a yi gwaji da su."

Sai ya ce aƙalla in ɗaga ƙafa ranar Juma'a. Tsofaffin ɗaliban mahaifinmu za su zo bayan salla, manyan mutane, alƙalai da limamai, kuma za su shiga ciki su gaida Inna. "Rana ɗaya tak, don Allah ka rufa min asiri."

Na ce, "To ranar me za ta ci?" Na fito ban yi masa alkawari ba.

Ranar Juma'a ina dawowa daga masallaci na cire babbar riga na hura wuta. Ƙarfe ya yi zafi ke nan suka yi sallama, yayana a gaba. Na amsa daga tsugune, ban miƙe ba, don kisira ba ta jiran gaisuwa, ƙonewa take. Wani dattijo ya tsaya yana kallona ta saman tabarau. Yayana ya kalli ƙasa ya wuce da su ɗakin Inna.

Na jera kisira a faifai, na ɗauki kwanon miya na bi su. Na tarar suna ta gaisuwa, Inna na kallon bango, ba ta san da zuwansu ba. Ina ajiye faifan ta juyo. Ta yago, ta dangwali miya, ta ci. Sai ta sake yagowa ta miƙa wa yayana, ɗanta na fari.

"Baƙo, ci mana," in ji ta. "Iyata ce ta yi."

Ya karɓa da hannu biyu, ya sa a baki.

Inna ta ɗago ta dube ni, da gumina da tokar da ke gemuna, ta miƙo min faifan. "Iya, ƙaro min."

Na ce, "To, 'yata." Na ratsa ta tsakiyar alƙalai da limamai na koma bakin murhu.