Ƙwayar da ke cikin zabira

Shekara arba'in Habibullahi wanzami ya yi yana cire wa mutanen Birnin Gwari mataccen jini, kuma babu wanda ya taɓa dawowa ya ce a mayar masa da abinsa. A gindin wata ɗorawa yake zama ranar kasuwa, da aska da ƙaho da zabira.

Cikin masu zuwa wurinsa akwai Micah, manomi ɗan asalin Saminaka da ke zaune a nan Birnin Gwari, wanda kowace shekara kafin shuka sai ya zo an yi masa ƙaho. Shi ke kiransa Sarkin Aska, yana cewa sarautar da ba ta da fada sai inuwa. Abin da bai faɗa ba a zuwansa na ƙarshe shi ne likita ya ɗora shi a kan wafarin, maganin tsinka jini, saboda zuciyarsa na tsallake bugu. Maganin na son a riƙa auna jini a kai a kai, a Kaduna ake auna masa, hanyar Kaduna kuwa a shekarun nan 'yan bindigar daji ke da ita. Wata biyar bai je ba.

Tsaga shida Habibullahi ya yi masa a baya. Har la'asar jinin bai tsaya ba, ja, tsararo kamar zoɓo. Bayan kwana biyu Micah ya rasu a asibiti. Aka ce da wanzamin ba askarsa ba ce, jinin ya daɗe yana tsiyaya ta ciki. Ya yi godiya. Sai dai tun daga ranar, in ya wanke ƙaho yakan daɗe yana duban ruwan.

Bara tasa zuciyar ta fara irin wannan tsallen. 'Yarsa Saude ta kai shi asibiti. Likita ya ce jini na iya yin guda ya hau kai ya shanye masa ɓarin jiki, ya rubuta wata ƙwaya ta zamani, wadda yanzu aka fi bayarwa, ba ta buƙatar yawan awo, ba irin ta dā ba ce.

"Amma tana tsinka jini?"

"Aikinta ke nan, Baba," in ji likitan.

Ya karɓa da hannu biyu, ya sa a zabira kusa da aska. Kullum Saude ta tambaya, yakan ce maganin yana nan lafiya, kuma bai yi ƙarya ba.

Wata ranar kasuwa, yana tsakiyar yi wa wani aski, askar ta faɗi ƙasa. Hannun damansa ya kwanta a cinyarsa kamar na aro. Kafin mutumin ya waiwayo, hannun ya dawo.

Bai ƙarasa askin ba. Ya koma gida ya miƙa wa Saude zabirar, ya ce ta zaro ƙwayar, sauran kuma ta rataye inda ba zai gani ba. Ya haɗiye ƙwayar da ruwan randa.

Yanzu gemunsa ya yi tsawo. Ba ya yarda kowa ya kusance shi da aska.