Yaya Bello da ajinsa na cikin lambu

Shekara biyar ke nan da muka rasa yayana, Malam Bello, wanda mutanen Gummi suke kira Bellon Sin. Ciwon hanta ne ya zama ajalinsa, yana da shekara arba'in da 'yan kai. Allah Ya jiƙansa.

Noman rani ya je karantawa ƙasar Sin. Bayan shekara huɗu ya dawo da harshen a bakinsa, amma babu wanda zai yi shi da shi. Innarmu takan ce ya koyo maganar da sai shi da tsuntsaye. Da safe yana koyar da noma a sakandare, da yamma yana lambunsa a bakin gulbi. Sai da 'yan Sin suka fara shigowa dazukan Anka da Bukkuyum neman zinariya, suna ɗaukar direbobi da masu girki, sannan aka tuna da shi.

Bai taɓa kafa allo ba. Duk wanda ya zo koyo sai ya miƙa masa fartanya ko bokiti. Ya ciro albasa ya faɗi sunanta da Sinanci, mutum ya riƙe, ya shinshina, ya maimaita. Wanda ya manta sunan tafarnuwa sai ya tauna ta. Ranar Asabar ni nake dafa musu abin da suka ciro, kuma ba ya barin in zuba wa kowa sai ya roƙa da Sinanci. A nan na ji cewa “tang” miya ce in ka ɗaga murya ka riƙe ta, sukari ne in ka hau da ita daga ƙasa. Masu koyo suka ce wannan ya yi wuya. Ya ce ai Bahaushe bai taɓa ruɗa gari na zama da gari na tuwo ba, kunnen yana nan.

A cikin ɗalibansa, Inna Rabi ce ba na mantawa. Dattijuwa ce 'yar Sunke, ta binne jikoki biyu a shekarar da gubar dalma ta haƙar zinariya ta yi ta kashe yara. Daga baya ta samu aikin girki a wani sansanin 'yan Sin wajen Gwashi. Ta yi mako biyu tana zuwa lambu ba ta buɗe baki. Rannan ta aje bokiti.

“Malam, ni ba sunan tumatir ya kawo ni ba. Mutanen nan suna wanke dutsen zinariya kusa da rijiyar ƙauye. Na yi nuni da hannu, dariya sukai. Mi zan ce musu?”

Yaya ya ce zai bi ta ya yi musu bayani. Ta ƙi.

“Kai baƙo ne, ka faɗa ka tafi. Ni ce suke cin tuwona.”

Sai ya ce, “To Inna, ɗauko bokitin.” Da ruwan ban-ruwa ya koya mata “shwei”, wato ruwa. Ya koya mata yaro, ya koya mata sha, ya koya mata guba. Jimla biyu kacal, wata guda tana nanata su tana shayar da alayyahu: yara suna shan ruwan nan, jikokina biyu sun mutu.

Ta faɗa wa shugaban sansanin ranar da ta aje masa kwanon miya. Ta ce mutumin ya daɗe yana kallonta, bai ci abincin ba. Kafin mako ya zagayo an janye wurin wankin can nesa da rijiya. Ta kawo wa Yaya labari. Ya juya ya kama gyaran kunyar barkono, na ga kafaɗunsa suna rawa.

Yanzu nakan tambayi kaina abin da zai ce in ya ga yadda muka koma. Hanyar Anka da yake bi da babur ba ta biyuwa sai da fargaba. Sansanonin sun tashi, ƙauyuka da dama sun watse saboda 'yan bindiga. Lambun ma ƙaninmu ya bar shi, don bakin gulbi ba wurin zama ba ne da yamma. Ina jin ba zai yi dogon jawabi ba. Zai tambaya ko akwai sauran ƙasa a bayan ɗaki, da wanda yake son koyo.

Ba zan yi ƙarya in ce ya bar wata makaranta a bayansa ba. Yawancin ɗalibansa sun manta abin da ya koya musu. Littattafansa suna cikin akwati a ɗakina, babu mai iya karanta su a gidanmu, ni ma ban iya ba. Abin da na san ya rage shi ne mutanen da suka daina jin cewa baƙo bango ne da ba a yi masa magana. Bara na haɗu da Inna Rabi a Anka, cikin 'yan gudun hijira, idonta ya fara dushewa. Ta gane muryata, ta riƙe hannuna ta ce kullum bayan sallar asuba tana sa shi a addu'a tare da jikokinta biyu, su uku ke nan.