Sabi'u da Rabon Ruwan Watari

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai Malam Sabi'u makwancinsa, kuma har yau ina kishinsa. Na san ba haka ake tuna mamaci ba, amma da zai ji na fara da yabo, sai ya tambayi wanda ya rubuta mini.

Tare muka yi makarantar aikin gona, tare muka zama malaman gona, tare aka sallame mu a shekarun da gwamnati ta tsuke bakin aljihu, taki ya gagari talaka. Sai wata ƙungiyar raya karkara ta ɗauke mu aikin horar da manoman rani a wajen madatsar ruwan Watari. Takardunmu iri ɗaya ne. Bambancin kawai, ni Allah Ya ba ni baki, shi kuwa ɗan mai unguwa ne, ya tashi a zauren da ake sasanta rigimar iyakar gona, a can ya koyi yin shiru.

Rigimar ƙauyen da aka tura mu ta ruwa ce. Gonakin bakin magudana su sha su ƙoshi, na can ƙarshe tumatirinsu ya bushe, har an fara zare lauje. Ni na tsara mafita: a riƙa sakin ruwa bi da bi, a fara da na ƙarshe. Na tsaya gaban allo na yi ta bayani har muryata ta dishe. Suka ce, "Madalla, Malam," washegari suka ci gaba da faɗansu.

Sabi'u kuwa cire takalmi ya yi ya zauna a ƙasa, ya miƙa karan dawa ga Ɗanlami, wanda ya fi kowa zafin kai a cikinsu. Ya ce, "Ni baƙo ne, zana mini yadda ruwan nan yake tafiya." Aka yi ta zane ana gogewa ana musu, shi ba ya komai sai tambaya. Kafin rani ya raba suka fito da tsarina sak, suna murna kamar an yi musu haihuwa. Na ce masa, "Ka faɗa musu nawa ne mana." Ya ce, "Ranar da suka ji naka ne, ranar za su daina bi." Raina ya ɓaci har na daina cin abinci kwano ɗaya da shi.

Yau sana'ar ta zama ta manya. Ƙwararru ake ce mana, muna tara jama'a a otal mai sanyi, tarihin aikin kowa ya fi huɗubar Idi tsawo, har da nawa. Da Sabi'u zai leƙo, na san abin da zai ce: "To a kan wannan kafet a ina za su yi zane?"

Bana wani aiki ya mayar da ni ƙauyen. Na je da niyyar karɓar haƙƙina, tunda mai hana ni ba ya nan. Na tarar har yanzu da na ƙarshe ake farawa, Ɗanlami ya yi furfura, shi ne shugaban manoman. Na tambaye shi wa ya kawo musu tsarin.

"Wa zai kawo mana? Mu muka yi abinmu."

"Malam Sabi'u fa?"

"Allah Ya jiƙansa, mutumin kirki. Amma fa bai san kan ruwa ba, mu muka yi ta koya masa." Ya ƙura mini ido. "Kai dai na gane ka, kai ne mai laccar nan. Wallahi ka iya magana."

Na ce, "Me na faɗa?" Ya yi dariya ya ce ai an daɗe.

Maganar cewa tsarin nawa ne ta zo mini har bakin leɓe na haɗiye. Ba halin kirki ba ne, tsoro na ji kada Sabi'u ya yi gaskiya, tumatirin wani ya bushe saboda sunana. Ni aka yaba, shi aka raina, amma ruwan da ke kaiwa gonar ƙarshe aikinsa ne, kuma wannan rainin nake kishi fiye da komai.

Allah Ya jiƙanka, Sabi'u. Kana kabari ma ka hana ni magana.