Shekarun da Na Yi Ina Direban Motata

Shekarun baya, abokina na ƙuruciya ya cinye mini mota, kuma da bakina na taya shi. Ban taɓa rubuta wannan ba sai yau, don duk sanda na fara sai in ajiye.

Lokacin muna jihar Sakkwato ne. Kifi ya fara ja baya a tafkinmu, masuntan Wara da na tungayen bakin ruwa suka riƙa naɗe tarunsu suna tafiya Kamaru, inda aka datse wani sabon tafki kusa da Garwa. Ni ba masunci ba ne, tuƙi na koya a tashar Yelwa. Sai na bi su, ina ja wa mutane a-kori-kura, ina kwasar banda daga tunga zuwa kasuwa. Abokin nan nawa ya riga ni zuwa. Tare aka yi mana kaciya, tare muka gudu daga firamare. Ya auri 'yar can, surukinsa ya shige masa gaba ya samu katin ɗan ƙasa. Ni takardar zaman baƙo kawai gare ni.

Akwai wani kamfani a Garwa mai ba da mota bashi, ka ajiye kafin alƙalami, saura ka riƙa biya wata-wata. Na sa rigata ta sallah, na ja abokina ya yi mini tafinta, don ni Faransanci sai gyaɗa kai. Akawun bai ko ce in zauna ba. Ya juya takardata, ya turo mini ita. Ya ce baƙo ba a ba shi, in gobe na tsallaka iyaka wa za su kama?

Muna fitowa abokina ya dafa kafaɗata.

"Mi ya dame ka? A sa sunana mana. Kai ka biya, mota taka ce. Ran da ka gama mu tahi a juya takardu."

Amma ya ce da sharaɗi. Kamfanin na da masu kai musu rahoto a tasha, in suka ji motar ta baƙo ce ƙwacewa za su yi. "Duk wanda ya tambaye ka, ni ne mai mota, kai direbana. Har mutanenmu na gida, don ka san bakinsu."

Kuɗin kafin alƙalami ba ni da su. Abin da muke da shi a duniya jirgin ruwan mahaifinmu ne mai inji, wanda yayana ke ɗaukar fasinja da shi tsakanin Wara da Yelwa ranakun kasuwa. Na zo gida na roƙi Inna a sayar da shi. Yayana ya ce, "Inna, jirgin ga shi ke ciyar da gidan ga." Ta ce, "Ƙanenka ne. In motar ta tsaya da ƙafarta sai ya saya maka wanda ya fi shi." Shi da kansa ya nemo mai saye.

Mota ta fito, fara sol. Muka fara wasan da muka shirya, kuma wallahi na iya shi. A tasha in ya iso sai in miƙe in ce, "Maigida, barka da fitowa." Shi kuma ya ɗaure fuska: "Direba, ina cinikin jiya?" In rusuna in miƙa masa a gaban kowa. In mun keɓe mu yi ta dariya har da riƙe ciki. Ni a dole mai wayo, na zagaye turawan kamfani. Wani tsoho ɗan Ngaski, wanda shi ne shugaban mutanenmu a tungar, ya taɓa tambayata ko ina da hannu a motar, na ce masa, "Ina, Baba, ni albashi nake ci."

Haka na yi shekaru. Garin kwaki nake sha, a bayan mota nake kwana bisa warin kifi. Kuma don a yi wa abokina adalci, bai taɓa cin ko sefa ɗaya na kamfani ba, duk wata yana kaiwa. Masunta masu komawa gida suka kai labari cewa ni direban wane ne. Yayana ya aiko yana tambaya, to ina kuɗin jirgi suka shiga? Na aika masa ya yi haƙuri, akwai maganar da ba a faɗi a saƙo.

Ran da bashi ya ƙare na sayi tsire na nufi gidan abokina. Muka ci. Na ce to yaushe za mu je a juya takardu? Ya goge hannunsa, ya ce, "Na yi tunani, ka yi ƙoƙari ƙwarai. Daga watan ga zan yanka maka albashi mai kyau."

Na yi dariya. Shi bai yi ba.

Na kai ƙara wurin tsohon nan. Aka tara mutanenmu a ƙarƙashin rumfar banda. Na faɗi komai tun daga farko. Tsoho ya dube ni ya ce, "Ɗana, ni da kaina na tambaye ka. Mi ka ce mini?" Duk wanda aka tayar sai ya ce daga bakina ya ji. Na ce a ba abokin nawa Alƙur'ani. Ya yi alwala ya dafa, ya ce shi ya ci bashin, shi ya biya da hannunsa. Ba wanda ya tambaye shi kuɗin na wane ne. Ba a yi mako ba jandarmomi suka zo tasha, ba su nemi takardar kowa ba sai tawa, wadda ta daɗe da mutuwa don kuɗin sabuntawa ma cikin bashin na zuba su. Suka raka ni har iyaka.

Na iske yayana a bakin ruwan Yelwa yana dakon buhunan albasa zuwa jirgin wani. Na ba su labari, shi da Inna. Ya ce, "Duk wanda ya dawo daga can abu guda yake faɗi. Su duka maƙaryata, kai kaɗai mai gaskiya?" Inna ba ta ce na yi ƙarya ba, ba ta ce na yi gaskiya ba. Ta ce, "Allah ya sani," ta turo mini tuwo. Kullum ina so in sake tayar da maganar, sai in ga ta sunkuyar da kai. Da damina ta zagayo Inna ta rasu.

Mutane na son a ce an koyi darasi. Ni ban koyi komai ba. In ka ce kada a amince da kowa, to baƙo a ƙasar mutane da wa zai jingina? Yayana har yau muna gaisawa, iyakarta ke nan. Na yi ta jan motocin wasu har idona ya fara gazawa, kuma duk sanda aka kira ni direba sai in waiga a hankali. Motar ma tuni ta zama ƙarfen gwangwan. Abin da ke hana ni barci shi ne ban san da me Inna ta tafi a ranta game da ni ba.

Ran sadakar ukun Inna sai ga abokin nan nawa. A cikin motar ya zo, ya ajiye ta a ƙofar gidanmu, mutane na yi masa sannu da hanya mai nisa. Ya yi addu'a, ya ajiye goro. Da aka ragu ya matso kan tabarmata, ya rage murya.

"Abokina, abin da ya wuce ya wuce. Direbobin da nake samu duk sun kashe ta. Kai ka san halinta. Ka dawo, zan gyara maka takarda."

Na dube shi sosai. Na ce, "Riƙe motarka. Magana ɗaya na so ka faɗa, kuma wadda na so ta ji mun rufe ta shekaranjiya. Yanzu ko tsakiyar kasuwar Yelwa ka tsaya ka faɗi gaskiya, ba ta da amfani gare ni. Kwashe goronka ka tahi. In na riga ka mutuwa, kada ka tsaya a sahun sallata."