Hannun da Ortansa Ta Janye

A ƙauyenmu da ke gefen Vaslui kowa ya san Ortansa da faɗa, amma mu da muka girme ta mun san ba haka take ba a da. Shekara ashirin da shida ta yi a masana'antar ɗinki tana haɗa wuyan riguna, ba a taɓa jin ta da kowa ba. Sai da mahaifiyarta Paraschiva ta faɗi a bakin rijiya ta karye a ƙugu, hankalinta kuma ya fara tafiya yana dawowa, sannan Ortansa ta ajiye aiki ta dawo gida. Wanta Neculai yana Italiya. Nasa taimakon shi ne waya ranar Lahadi.

Hukuma takan ɗauki ɗan gida aikin jinyar tsohonsa, a biya shi albashi, in kwamiti ya tabbatar tsohon ba ya iya yi wa kansa komai. In babu takardar kwamitin, hanya ɗaya ta rage wa Ortansa: ta kai uwarta gidan gajiyayyu, ita kuma ta bi sauran matan ƙauyen zuwa ƙasashen waje wanke iyayen wasu. Da ta gaya wa Neculai ta nema, sai ya yi dariya ya ce ashe yanzu har uwa sai an biya mutum ya riƙe.

"Zo ka ɗaga ta daga kan fo sau ɗaya, mai girma, sannan ka koya mini kunya," in ji ta, ta kashe wayar.

Ranar da 'yan kwamiti za su zo, Ortansa ta yi abin da kowace mace a garinmu za ta yi. Ta share tsakar gida, ta kwashe zannuwan gado masu zarni ta kai bayan rumbu, ta yi wa tsohuwa wanka, ta ɗaura mata kallabin zuwa coci. Likita ya shigo da wata ma'aikaciya mai ɗauke da takardu. A wurinmu uwar gida ce ke kawo wa baƙo dulceatsa, 'ya'yan itacen nan da ake dafawa da sukari, da cokali da ruwan sanyi a kan tire. Paraschiva da ta yi wata takwas ba ta taka ƙafa ita kaɗai ba, tana ganin baƙi ta yunƙura ta ɗauki tire. Ortansa ta zura hannu ƙarƙashin mayafinta ta baya, ta damƙe ɗamarar siket ɗinta, ta ɗauke nauyinta gaba ɗaya har gaban baƙin. Da likita ya tambayi tsohuwa wace shekara ake ciki, Ortansa ce ta raɗa mata. Tsohuwa ta ce ita ke wankanta, ita ke girkinta, yarinyar nan ko albasa ba ta iya yankawa ba. Aka yi dariya. Likita ya yaba zaƙin, ya yi rubutunsa.

Bayan mako uku wasiƙa ta zo: tsohuwa tana tafiya, tana hidimar gida, hankalinta lafiya.

Ortansa ta zagi likitan, ta zagi Neculai, ta zagi kajin gidan. Maƙwabciyarta Sevastita ta bar ta ta gama, sannan ta ce mata ai kowa ya san yadda ake yi: kwana uku ba wanka, a ɓoye haƙoran roba, kada a yi shara.

"Wato sai na mai da uwata juji kafin su yarda ina aiki?"

"Ke kika sani, sarauniya. Tsaftarki ce ta ci ki."

Ortansa ta ɗaukaka ƙara, aka sa wata rana. Ba ta bi shawarar Sevastita ba. Ta yi wa tsohuwa wanka, ta ɗaura mata kallabin, ta jera tire kamar kullum. Wani likita ne ya zo, da ma'aikaciyar nan ta farko. Paraschiva ta yunƙura, ta ɗauki tire, ta ɗan jingina baya inda ta saba samun hannu. Ortansa tana tsaye a bakin ƙofa, hannuwanta a harɗe a ƙirji.

Taku biyu tsohuwa ta yi. Kofuna suka tarwatse, likitan ne ya tare ta kafin ta kai ƙasa, siket ɗin cocin ya jiƙe, ba da ruwan tire kaɗai ba. Ya tambaye ta wace ce wannan ta bakin ƙofa. Ta daɗe tana kallon 'yarta, ba wanda ya raɗa mata komai, sai ta ambaci sunan ƙanwar ita tsohuwar, wadda ta rasu tun suna yara.

"Ku rubuta," in ji Ortansa a hankali. "Ku rubuta duka. Abin da nake ɓoye muku ke nan, kuka ce ba aiki ba ne."

Takarda ta fito kafin sanyi ya shigo. Paraschiva ta ƙara shekara huɗu a ɗakinta, a kan gadonta, ba ta kwana ko ɗaya a gidan gajiyayyu ba. Ta manta sunan mijinta, ta manta hanyar coci. Amma duk sanda Ortansa ta kai hannu bayanta don ta ɗaga ta, sai tsohuwa ta ture hannun, ta ce ba ta son wannan matar, ita ce mai sakin mutum a gaban baƙi.

Neculai ya zo jana'iza da furanni masu tsada. Ortansa ce ta kawo wa baƙi tire, ta bi kowa da kowa, ta tsallake shi.